Dubiyar Kawu Likita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu duka, kuma ga shi ya karɓi nasa.

Kawu Likita, ƙanen mahaifiyata, ya rasu wata ranar Laraba bayan la'asar a gidansa da ke Yelwa, aka yi masa sutura kafin magariba. Washegari da hantsi unguwarmu ta cika ta batse. Mutanen gungu, mazauna tsibiran tafki, suka tsallako cikin kwale-kwale, na Warra suka zo a motocin kasuwa, wasu daga Shanga da Birnin Yauri a kan babura. Tabarmin gida suka ƙare, aka aro na masallaci, su ma suka ƙare. Ni ina cikin gida wajen mata, ina raba ruwa, ina jin abin da kowa ke faɗi.

Wata dattijuwa manomiya daga wajen Shanga, da gicciye a wuyanta, ta durƙusa gaban Inna, matar Kawu, tana ta kuka. Cikin kukan ta ce, "Hajiya, jininshi na cikin jikina. Yanzu wa muke da shi?" A zaure kuma, ƙannena suka ce mini, wani tsohon masunci ya ɗaga riga yana nuna wa maza ɗinkin da ke cikinsa, yana rantsuwa da ba don hannun Likita ba da tuni ya zama ƙasa. Magana ɗaya ce ke yawo daga tabarma zuwa tabarma: "Wa za shi duba mu yanzu?"

Na ji ta har na gaji da jinta. Ban ce ƙarya suke yi ba, hawayensu na gaskiya ne. Amma a duk taron nan ban ji wanda ya ce bawan Allah ya sha wahala ba. Kowa abin da ya rasa yake yi wa kuka. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don a tuna da shi yadda yake, da ciwon da ya daɗe yana ɗauke da shi a tsakiyarmu. Akwai kuma amanar da ya bar mini game da autarsa, wadda ita ma likita ce yanzu, kuma a cikin zaman makokin nan na ga abin da ya cinye uban yana miƙo mata hannu.

A gidansa na tashi. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, shi ya je ƙauye ya ɗauko ni, ya miƙa wa Inna ya ce, "Ga ɗiyarki." Daga nan ban ƙara jin an kira ni marainiya ba. Shi ya sa ni makaranta har na zama malamar firamare, kuma har na yi aure na hayayyafa bai taɓa kirana da wani suna ba sai "ɗiyata".

Mutum ne dogo, mai saurin tafiya, wanda ban cika ganinsa yana cin abinci a zaune ba. Gaisuwarsa ma ta daban ce. Kana cewa ina kwana, ya kai yatsa ya ja fatar idonka ƙasa ya leƙa. In ya ga ja sai ya ce, "Kai, tahi, lahiyarka lau." In ya ga fari sai ya juya ga Inna ya ce a ƙara wa wannan zogale. Mu yaran gidan mukan runtse ido da gangan in mun hango shi, shi kuma ya bi mu da gudu yana cewa ɓarayin jini.

Garin kuma ya san wannan hali nasa, ya riƙe shi da kyau. In ya shiga masallaci, kafin ya sallame an jira shi wajen takalma. In ya je suna, kafin a raba goro an miƙo masa jariri. Wata rana a wajen ɗaurin aure uban ango ya ja shi bayan rumfa ya nuna masa wani ƙurji a wurin da ba a faɗi. Ya dawo gida yana dariya har da riƙe ciki, ya ce da Inna, "Yau na ga abin da amarya ma ba ta gani ba." A lokacin dariya yake yi, mu ma muna taya shi.

Abin da ya fi so a duniya kifi ne. Ba ya aiken kowa. Da kansa yake zuwa bakin ruwa, ya tsuguna cikin rigarsa mai guga, ya buɗa kunnen kifi ya leƙa yadda yake leƙa idonmu. Masunta suna tsokanarsa wai har kifi sai Likita ya duba shi kafin ya yarda ya mutu. In Inna ta yi miyar ragon ruwa da tuwon shinkafa, ranar ce kaɗai yake zama a tabarma ya miƙe ƙafa, ya tsotse ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Hajiya, in na mutu aka ce babu wagga miya a can, sai na nemi a maido ni." Ita kuma ta ce ya yi istigfari.

Asibitin da ya yi aiki ya ga likitoci da yawa. Sukan zo da ƙuruciyarsu, su yi ɗan lokaci, su samu hanyar birni ko ta ƙasar waje su tafi. Bai taɓa zagin ko ɗaya ba, shi ne ma ke sa musu albarka. Sai dai duk wanda ya tafi, a kan Kawu aikinsa ke faɗawa. An yi shekarun da shi kaɗai ne likita a wurin: shi ne na masu haihuwa, shi ne na yara, shi ne na tiyata, shi ne na wanda maciji ya sara a gona. Sallah ba ta hana a zo kiransa, azumi ma ba ya hanawa. Sau da yawa Inna ta ɗumama abinci har ya gaji da ɗumi ta ba almajirai.

Dattijuwar nan ta Shanga, tun tana matashiya aka kawo ta ta haihu jini ya ɓalle. Danginta suka tsorata da ba da jini, wai wanda ya bayar ba ya ƙara ƙarfin noma. Kawu ya duba ya ga nasa ya dace da nata. Ya kwanta a benci aka ɗiba, ya sha lemon kwalba, ya tashi ya koma kanta. Da ya dawo gida Inna ta hangi auduga a gwiwar hannunsa.

"Yau kuma jininka ka rabas?" in ji ta.

"Kaɗan ne, shina dawowa."

"Tau, ranar da anka nemi kai, sai ka cire ka ba su."

Ya yi dariya ya ce in an samu mai irin girman kansa ba laifi.

Abin ya fara canzawa ne wata shekara da ruwa ya yi yawa. Ranar kasuwa wani jirgi da ya ɗauko mutane da kaya ya kife a tsakiyar tafki. Aka yi kwanaki masunta na tsamo gawarwaki ana jerawa a barandar asibiti, kuma dole sai Likita ya duba kowace kafin a ba dangi. Ya san da yawansu. Wasu shi ya karɓi haihuwarsu, wasu ya taɓa ceto su daga zazzaɓi suna yara. Waɗanda suka daɗe a ruwa, kifi ya taɓa su. Ranar da aka gama, Inna ta ce bari ta faranta masa, ta yi miyar da yake so. Ya buɗe kwano, ya duba, ya rufe a hankali, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri." Daga ranar har ya koma ga Allah kifi bai ƙara shiga bakinsa ba.

Gari ya mai da abin wasa. Bayauri guda ba ya cin kifi! Masunta suka ce ya yi fushi da su ne, abokansa suka ce ya zama ɗan birni. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya wuce. Mu na cikin gida mu muka ga sauran. Barci ya ƙaurace masa. Ya daina kunna rediyo, ya daina zuwa dara gindin mangwaro, ya daina ja mana ido. Rigunansa suka yi masa yawa. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba, sai ga shi an ce ya daka wa wani uba tsawa don ya kawo ɗansa a makare, ya kuma bi mutumin har bakin titi yana ba shi haƙuri.

Wata safiya zan tafi makaranta na ga motarsa a gindin darbejiya kusa da ƙofar asibiti, shi yana ciki, hannuwansa biyu a kan sitiyari. Na ƙwanƙwasa gilashi, ya sauke.

"Kawu, lahiya? Mota ta lalace?"

"Mota lahiyarta lau, ɗiyata. Ƙahwata ce ta ƙi hita." Ya nuna ƙofar da haɓa. "In na tuna bencin can da mutanen da ke kai, sai in ji kamar an ɗora mini buhun shinkafa a ƙirji. Jiya wata mata na hwaɗa mini ciwon ɗanta, ina kallon bakinta, wallahi ban ji komi a zuciyata ba. Ni ne wanga?"

Kafin ma in buɗe baki, wani mutum ya ƙwanƙwasa ɗaya gilashin, da yaro a saɓe a kafaɗa. Kawu ya share fuska da tafin hannu, ya buɗe ƙofa ya fita.

Inna ce ta kai maganar ga Kawu Babba, yayansu, ɗan kasuwar shinkafa, mutum mai yawan ibada da kaifin harshe. Ya zo da gorar rubutu da turare, ya zauna a falo ya ce ko dai iskar ruwa ce ta biyo shi daga gawarwakin nan, ko kuma tawakkali ne ya yi ƙaranci. Ina bakin ƙofa da tiren shayi lokacin da suka yi sa-in-sar da ban taɓa jin sun yi irinta ba.

"Yaya, rubutu zan sha, addu'a kuma ba ni raina ta," in ji Kawu Likita. "Amma abin ga ciwo ne, shina da suna. Ciwon damuwa ake ce mai. Na karanta shi, na yi wa mutane maganinshi."

"Mumini da damuwa? Kana da mata, kana da ɗiya, kana da albashi, gari duka na girmama ka. Mi ka rasa?"

"Shekarar da ka hwaɗo daga mota ƙahwarka ta karye, na ce maka imaninka ne ya yi rauni? Ɗauri na yi maka."

Kawu Babba ya buga sandarsa a ƙasa. "Karaya daban, wagga magana daban! Kada in ƙara jin ta a waje. Kana da ɗiya mata ba su yi aure ba. So kake a ce akwai taɓin hankali a gidanmu? Kuma wa za shi ƙara yarda ka yanka mai ciki?"

Wannan ta ƙarshe ce ta karya Kawu Likita. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Shi ke nan, Yaya." Aka tsayar da magana a kan za a ce wa gari hawan jini ne. Dama yana da shi, don haka ba a yi ƙarya ba. Ya nemi hutu a wurin aiki, da ƙyar aka ba shi, muka ce alhamdu lillahi zai samu ya kwanta.

Mun manta da dubiya. A wurinmu in mutum ya kwanta ciwo dole a je a gaishe shi, wanda bai je ba ya yi abin kunya, wanda kuma ya mai da mai dubiya daga ƙofa ya fi shi. Likita guda ya kwanta, wa zai zauna a gida? Tun da safe ake sallama. Ga lemo, ga ayaba, ga fura. Masunta kuwa abin da suke da shi suke kawowa, kifi ɗanye mai motsi, ƙarninsa ya cika gidan. Inna ta karɓa da godiya, ta zagaya ta baya ta miƙa wa maƙwabta.

Duk dubiyar iri ɗaya ce. Mutum ya shigo ɗaki ya zauna a ƙasa.

"Likita, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah shi ƙara sauƙi, shi sa kaffara ne."

"Amin."

Sai mai dubiya ya gyara zama ya ce, "Tau, Likita, tun da dai Allah ya kawo ni..." Sai ga hoton ƙirji ya fito daga cikin riga, ko kwalin magani, ko a kira yaron da aka bari a zaure. Kawu ya tashi zaune a kan gadon jinyarsa, ya sa tabarau, ya ɗaga hoton wajen taga. Kafin mako ya zagayo har layi ake yi a tsakar gida, mata na gefe maza na gefe, kowa da ledar lemonsa. Ban taɓa jin haushin mutanen garinmu kamar a kwanakin nan ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mugunta ce ta kawo su ba. Suna sonsa, kuma ba su da wani likitan.

Sau ɗaya na ji ya gwada faɗin gaskiya. Abokin dararsa ne ya zo, wanda suka yi ƙuruciya tare. Ya ce ya jiki, Kawu ya dube shi ya daɗe, ya ce, "Ba sauƙi, abokina. Wallahi ba sauƙi." Mutumin ya tuntsire da dariya ya ce, "Haba Likita! Kai da ke raba sauƙi? Bar wasan ga." Bai ko rufe baki ba ya naɗe ƙafar wando ya ce, "Dubi gwiwar ga, kwana biyu ta hana ni ruku'u." Na ga fuskar Kawu ta rufe. Ya miƙa hannu ya danna gwiwar, ya tambaye shi ko tana zafi da safe. Ban ƙara jin ya ba wani wata amsa ba sai "da sauƙi".

Hutun bai ƙare ba ya koma aiki. Ya ce da Inna gara asibiti, can aƙalla ba a shigo masa har kan gado.

Inna ba ta haƙura ba. Ta matsa masa har ya je birni wajen wani likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya taɓa koyon aiki a ƙarƙashinsa. Aka ce wa mutane taron likitoci ya tafi. Ya dawo da ƙwayoyi, kuma sun taimaka, ba zan ɓoye ba. Barci ya ɗan dawo, wata rana ma ya ja wa ɗana ido ya ce a ƙara masa zogale, na shiga ɗaki na yi kuka don murna. Amma da na tambaye shi abin da likitan ya ce, sai ya yi 'yar dariya.

"Yaron ya iya aiki. Ya ce ƙwaya rabin magani ce, sauran rabin hutu ne da wanda zan riƙa hwaɗa wa abin da ke raina. Na ce mai, ɗana, a wane kanti ake sai da su a Yelwa?"

A cikin wannan hali ne autarsa ta samu gurbin karatun likita. Gida ya kaure da guɗa, Kawu Babba ya yanka rago, maƙwabta na cewa an samu magajiya. Kawu Likita ya sa mata albarka, ya shige ɗaki ya rufe. Da yamma ya kira ni gindin mangwaron tsakar gida. Ya ce ba zai hana ta ba, yarinyar tana da kai kuma tana da tausayi, kuma tausayin ne ke ba shi tsoro.

"Ɗiyata, ke kina da baki, ba ki jin kunyar kowa. Ni ban iya cewa a'a ba, ban koya ba, kuma yanzu lokaci ya wuce. In ta gama, ko ina raye ko ba ni, ki tsare mata ƙohwa. Kuma in kin tambaye ta jiki ta ce da sauƙi, kada ki tashi. Ki zauna ki ƙara tambaya."

Na ce na ɗauka. Ya ce in faɗa da sunan Allah, na faɗa.

Ya yi ritaya daga baya, amma takarda ce kawai ta yi ritaya. Zauren gidan ya zama asibiti. Ciwon nasa yakan lafa ya dawo, ya kwana biyu yana fara'a, sai kuma a ga ya yi shiru yana kallon bango. Ranar da zai rasu ya yi sallar la'asar, ya zauna a kujerarsa gindin mangwaro ya ce da Inna ta ce wa na zaure su ɗan jira shi kaɗan. Ta je ta faɗa, ta dawo ta same shi kansa ya langaɓe. An ce zuciya ce. Ajali ne, na sani, ba mai ƙara wa wani ko ya rage masa. Amma na san yadda aka yi zuciyar nan ta gaji.

Auta tana aiki a wani asibiti a birni, ba ta samu jana'iza ba, sai washegari ta iso. Ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi, na ɗauka kuka ne da wahalar hanya. Ranar sadakar uku tana zaune kusa da Inna a tsakar gida, mata na shigowa gaisuwa. Wata mata ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi." Aka amsa. Sai ta gyara zama, ta kwanto goyonta ta ce, "Tau, Likita ƙarama, tun da dai Allah ya kawo ni, yaron ga kwana biyu ba shi cin abinci." Na waiga na ga wasu mata biyu sun matso bayanta, ɗaya har ta fara kwance bakin zane tana fito da kwalin magani. Auta kuma, da hawayen ubanta a fuska, ta miƙa yatsa za ta ja fatar idon yaron. Hannun Kawu ne sak.

Na dire butar da ke hannuna na je na riƙe hannun nata. Na ce da matar, "Baiwar Allah, asibiti na buɗe. Nan gidan makoki ne." Wuri ya ɗauki gunaguni. Wata ta ce ai lada ne, wata ta ce marigayi bai taɓa korar kowa ba, wata daga baya ta ce dama 'yar riƙo ta fi masu gida zaƙewa. Na ji ta, na kuma yi niyyar ba ta amsa daidai da ita, sai Inna ta riga ni.

Mai takaba ba ta ɗaga murya, kuma Inna dama ba mai yawan magana ba ce. Amma ranar har na zaure sun ji ta.

"Gaskiya kunka hwaɗi, bai taɓa korar kowa ba. Shi ya sa nike zaune nan cikin takaba. Ku saurara in gaya muku abin da munka ɓoye. Mijina ba hawan jini kaɗai gare shi ba. Ciwon damuwa ya yi, shekara da shekaru, aiki ya gajiyar da shi har ya rasa ɗanɗanon duniya. Kun zo dubiya kun tambaye shi jiki, ba wanda ya tsaya ya ji amsa. Ban riƙe kowa ba, Allah shi yahe mana baki ɗaya. Amma wagga ɗiya ba ku samun ta yau."

Dattijuwar Shanga, wadda ta kwana tare da mu tun ranar farko, ta rufe fuska da mayafi. Matar nan ta mai da goyonta a hankali. Sai Inna ta juya ga Auta kamar ba kowa a wurin.

"Ya jikinki?"

"Da sauƙi, Inna."

Na tuna abin da aka ce mini gindin mangwaron da muke zaune a ƙarƙashinsa. Na tsuguna a gabanta na ce, "Mun ji wagga a bakin Kawu har munka binne shi. Ya jikinki?"

Ta dube ni, ta dubi uwarta. Sai ta kifa kai a cinyar Inna ta ce, "Ba sauƙi, Yaya. Na manta rabon da in yi barcin kirki. Mu biyu ne a sashenmu, ɗayar ta tahi. In na hango ƙohwar asibiti sai in ji ƙahwata ta ƙi."

Inna ta ɗago ta, ta ce, "Tashi mu shiga ɗaki ki hwaɗa mini duka." Suka shiga, na ja ƙofar, na jawo tabarma na zauna a bakinta.

Ban daɗe da zama ba sai ga Kawu Babba ya shigo yana dogara sanda. An kai masa labari a zaure. Na shirya wa faɗa, don na san harshensa. Ya tsaya ya dubi ƙofar, ya ji kukan da ke fitowa daga ciki, ya daɗe a tsaye. Sai ya ce, "Matsa mini, ɗiyata." Ya zauna a gefen tabarmar ya gitta sandarsa a bakin ƙofa. Da wata baƙuwa ta shigo tana tambayar ina Likita ƙarama, shi ya amsa mata. Ya ce, "Ba ta da lahiya, ana duba ta."

Auta ta ƙara kwanaki a gida, kuma kafin ta koma mun raka ta wajen likitan da ya duba ubanta, da rana tsaka, ba tare da an ce taro ta tafi ba. Ban san yadda za ta ƙare ba, aikin yana nan yadda yake, marasa lafiya ba su ragu ba. Abin da na sani shi ne duk Juma'a ina kiranta, kuma ta san amsar farko ba ta sallamata.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka a gajiye. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa jinin da ya bayar da barcin da ya rasa su zame masa haske. Ka ba Inna haƙuri, ka tsare mana Auta da duk masu irin aikinta. Shi kuma, ya Ubangiji, ka ba shi makwancin da ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Amin.